Tserena da Damina daga Ikko zuwa Lahodu

Tun da na dawo ban sha furata da daɗi ba. In na zauna a kasuwar Wurno, kafin in kai ludayi baki wani ya tsuguna gabana yana tambaya wai da gaske ne akwai ruwan da ba a hango gaɓarsa. In na ba shi amsa ya tashi, wani ya maye gurbinsa da tambaya iri ɗaya. Na gaji, ko da yake waɗanda suka san ni za su ce Bube bai taɓa gajiya da magana ba, kuma ba su yi mini ƙarya ba. To ga labarin nan gaba ɗaya, daga fita har komowa, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ni mutumin Lahodu ne, majemi da rani, manomi da damina. Gonarmu tana kan tudu gabas da gari, mahaifina ne ya sare ta da hannunsa tun yana saurayi. Yanzu ya tsufa, idanunsa sun tafi, iyakarsa ya bambanta rana da inuwa. Daminar da ta wuce kurkunu ya kwantar da ni tun daga noman fari, ciyawa ta cinye rabin gonar. Da kaka mai gari ya kira ni. Bai yi faɗa ba, mutum ne mai sanyin magana, shi ya sa ma maganarsa ta fi ban tsoro. Ya ce baƙi sun yi yawa, kowa na neman wurin noma, kuma al'ada ita ce ƙasar da aka bari ana ba mai iyawa. In ruwan shuka ya sauka bana, rana ta take tsaka ba a ga iri a gonar ba, zai ba wani. Na ce na ji. Sai dai hatsin da na samu ba zai kai mu bazara ba, ga tsoho, ga matata Hajo da ciki. Abin da nake da shi jajayen fatun awaki ne, kuma an ce a Ikko, can bakin teku, suna da daraja. Madugu Sambo ya tabbatar mini za mu komo kafin shamuwa ta iso, na ɗaure kayana na bi ayarinsa.

Daga gida zuwa Jega babu abin faɗi, ƙasarmu ce, furarmu ce. A Yawuri na fara ganin duwatsu da itatuwan da ban san sunansu ba, na kuma fara damun madugu da tambaya har ya ce in ban rufe baki ba zai mai da ni bayan ayari wurin masu korar jakuna. A ƙasar Nufe muka haye kogin Kwara. Ni da na tashi ina cika baki da gulbin Rima, ranar na yi shiru. Jakina ya ƙi shiga jirgi, na ja, ya ja, ni ne na faɗa ruwa da rawanina, masu fito suka yi ta dariya suna nuna ni da sandar tuƙi. Da na samu numfashi na tambayi ɗayansu mai jin Hausa ina duk wannan ruwa yake zuwa. Ya ce ruwan gishiri. Na ce to daga ina ruwan gishirin yake samun wurin zuba shi, bai cika ba har yau? Ya dube ni, ya dubi madugu, ya tambaye shi ko kaina ya bugu da jirgin.

A Ilori muka sayar da jakunan, domin gaba akwai ƙudan da ke kashe su, muka ɗauki kaya a ka. Daga nan ƙasar Yarabawa ce, inda kowane Bahaushe sunansa Gambari. Kowane gari yana da ƙofar karɓar kuɗin shiga, da mai gadi zaune da sanda yana tsokale-tsokalen kayan mutane. Suna da wata doka da ta ba ni mamaki, wai in zakaranka ya yi cara a bakin ƙofar ya zama na mai gadi. Na ga wata mata da kwandon kaji ta ɗaure bakin kowane zakara da zare, ga mai gadin kuma yana jan ta da hira yana jiran zaren ya kwance. Abincinsu doya ce da ake kirɓawa har ta yi danƙo, da miyar manja mai barkonon da ya sa na yi hawaye a gaban mata. Akwai kuma wani farin tuwo mai sanyi da suke naɗewa a ganye, wanda ranar farko na ci har da ganyen don kada in ɓata wa mai masaukinmu rai.

Abin da ya fi damuna kuwa iskar wurin ce. Ranarsu ba ta kai tamu zafi ba, amma gumi in ya fito ba ya tafiya. A gida in ka wanke riga ka shanya, kafin ka idar da salla ta bushe. Can na wanke tawa, kwana biyu tana rataye tana warin tsami. Wannan iskar ce ta cuce ni a fatuna. Mu abin da muka sani shi ne bushewa ke kashe fata, don haka kafin in fito na shafe su da mai, na naɗe su tam cikin tabarma, na ƙi buɗewa duk hanya don kada iska ta taɓa su. Ranar da muka sauka Ikko na kwance a gidan fatomanmu, wato mai masauki, sai na tarar jajayen fatuna sun yi kore da fumfuna. Matarsa ta riƙe ciki don dariya. Ita ce ta nuna mini in baza su a rana in goge da tsumma, ta ce a garinsu abin da aka rufe shi ke ruɓewa. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi, sauran suka sayu.

A masallacin unguwar na gamu da Baba Jatau. Ina yi wa wani bayani bayan la'asar sai na ji an kama hannun rigata, wani tsoho mai zanen Gobir a kumatu yana dubana.

"Kai ɗan ina na?" in ji shi.

Na ce Lahodu, kusa da Wurno. Sai ya zauna a ƙasa. Ashe mutumin Shinaka ne, ta wajen Goronyo. Yana saurayi aka kama shi a yaƙi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har aka haye teku da shi zuwa wata ƙasar Nasara. Can ya yi dako, ya yi aiki shekaru a jiragen da iska ke turawa da manyan zannuwa, har ya fanshi kansa ya komo. A Ikko ƙarfinsa ya ƙare, ya yi aure ya zauna. Ya tambaye ni ko har yanzu ana kamun kifi a tafkunan fadama in ruwa ya janye, ko mata na yin hoce, wainar dawar nan tamu. Na ji tausayinsa ƙwarai. Shi kuma ya sami wanda zai yi Hausar gida da shi, ni na sami wanda ba ya gajiya da tambayata.

Madugu ya ce sai mun jira goron da ake kawowa ta jirgin hayaƙi. Muna cikin jiran, wata rana da hantsi, sama ta yi baƙi, aka kece da ruwa irin wanda a gida sai tsakiyar damina. A lissafina lokacin ko zafin bazara bai kankama a Lahodu ba, amma ga ruwa ina gani da idona. Ni dai abin da na sani tun ina yaro, in damina ta faɗi ta faɗi ke nan, a duniya duka. Na zauna a zauren fatoma na haɗa kai da gwiwa, ina ganin gonar ubana a hannun wani. A haka Baba Jatau ya same ni.

"Mi kaka kuka?"

"Baba, damana ta hwaɗi, ni ko ina nan. Gonata ta tahi."

"Damanar wa? Wagga ta Ikko ta. Taku ko tashi ba ta yi ba."

Washegari da rana tsaka ya kai ni bakin teku. Masu tambaya, i, gaskiya ne, ba a hango gaɓarsa, kuma ba ya kwanciya, kullum yana tasowa yana bugun ƙasa yana komawa. Na ɗanɗana, na tofar. Baba Jatau bai bar ni na yi kallo ba, ya ce in cire takalmi in tsaya kan yashi. Ban daɗe ba na fara rawa don zafinsa. Ya ce in shiga ruwan, na ji sanyi har cikin kaina. Ya ce rana ɗaya ce ke dukansu su biyu, me ya sa ɗaya ya ƙone ni ɗaya bai ƙone ni ba? Na ce ban sani ba. Ya ce in lura daga ina iska ke busowa, na ce daga ruwa. Da gari ya waye, bayan sallar asuba, ya sake jawo ni wurin. Yanzu yashin ne mai sanyi, ruwan kuwa ɗumi-ɗumi, iska kuma ta juya tana fita daga tudu zuwa ruwa. Masunta suna ta ɗaura zane a jikin gora cikin kwale-kwalensu suna bin iskar, ya ce da la'asar wadda ta juyo za ta maido su gida ba tare da sun wahala da tuƙi ba.

Bayaninsa shi ne ƙasa tana saurin ɗaukar zafi tana saurin sakinsa, ruwa kuwa mai nawa ne a duka biyun. Inda ya fi zafi iskar wurin takan tashi sama, ta wurin sanyi ta kwararo ta cike gurbin. Ya tuna mini yadda in muna ƙona sassabe busassun ganye kan ruga wajen wutar su tashi sama da hayaƙi. Wannan da na gani a bakin teku, in ji shi, ƙaramar ce, ta yini ɗaya. Akwai babba ta shekara. In rana ta hau arewa ta tsaya bisa kanmu da bazara, ƙasarmu gaba ɗaya, har can cikin hamada, takan zama yashin nan mai ƙuna. Sai ta jawo iska daga teku, iskar ta taho ɗauke da laimar da rana ta tayar daga ruwan, tana zubarwa a hanya. Ikko ke bakin ƙofa, su ke fara sha su kuma ƙare sha. Mu ke ƙurya, ragowar ke isa gare mu, shi ya sa tamu gajera ce. Ya ce masu jiragen zane da wannan ilmi suke ci, sun san watan da iska za ta kai su da watan da za ta maido su, wanda ya kuskure ya zauna tsakiyar ruwa har guzurinsa ya ƙare.

Na ce to ai Allah ne ke saukar da ruwa. Ya ce wa ya ce ba Shi ba ne, amma Ya yi wa abin hanya, kamar yadda Shi ke ba da hatsi amma sai an shuka. Na sake kawo wata, na ce in daga kudu ruwa ke zuwa, me ya sa a gida hadari daga gabas yake tasowa, har kowa ya fi yaɓe bangonsa na gabas? Ya ce wannan kam ya sha tunaninsa bai gano ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ba. Abin da ya sani shi ne damina tafiya take yi kamar ayari, zango zango, kuma mai ƙafa in ya ƙoƙarta yana iya wuce ta. Ranar da za mu tashi ya rako ni har bakin jirgin fito, ya ce in na bi ta Goronyo in gai da gulbi.

Komowa tsere ce. Har Ilori ruwa na dukanmu kusan kullum, hanya ta zama taɓo, ayari na tafiya kamar ba ya so, ga goro sai an tsaya an buɗe an yayyafa masa ruwa an canza ganye. A Ilori na yi sallama da madugu. Na riga na mai da abin da na samu allurai da madubai da ɗan jan yadi, abin da jaka ɗaya ta ɗauke, na riƙa bin duk matafiyan da na tarar masu sauri. Sai na sami ma'auni, wato gonakin mutane. A ƙasar Yarabawa masara ta kai gwiwa. Bayan Ilori ta kai idon sawu. Da na haye Kwara dawa ta fara huda ƙasa. Duk garin da na shiga, kafin in nemi masauki sai na tambayi yaushe aka yi ruwan fari, har a wani ƙauyen Nufawa aka ɗauke ni ɗan leƙen asiri aka tsare ni yini guda, sai da liman ya saurari bayanina ya ce a sake ni, ba mugu ba ne, taɓaɓɓe ne kawai. A Yawuri na tarar ranar ake shuka. Kwana biyu gaba ƙasa ta koma busasshiya, ƙafata na tayar da ƙura. Na tsaya a tsakiyar hanya na juya kudu na yi wa damina gwalo.

A Jega ana ta sharar gona, zafi kamar zai tsaga kai. Na riƙa lissafi da yatsu, na ga yadda na tsere wa damina daga Nufe zuwa Yawuri, na yanke cewa ta rage mini kwana goma a baya, ko fiye. Daga nan ne wautar ta fara. Maimakon in miƙe gida daga Sakkwato, sai na ce bari in ratse Rabah in gai da Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifina, in kai mata madubi. Tsakaninta da Lahodu tafiyar rabin yini ce. Kafin in gama shan ruwa ƙofar gidanta ta cika da mutane, an ji wanda ya ga teku ya zo. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura da nono, dattawa suka zauna suna saurarona, ni da a Lahodu ake cewa in rage surutu. Na ba da labarin zakara, na ba da na yashi, na sa wani ya kawo kasko da ruwa da ƙasa na ajiye a rana kowa ya taɓa. Na kwana, na sake kwana.

Da safe na biyu Gwaggo ta kira ni ɗakinta. Ta ce tun shekaranjiya iska ta juya, da asuba tana shigowa ta yamma da kudu da ɗan sanyi, gishirinta ya yi laushi a cikin tulu, kuma shamuwa biyu sun sauka kan kukar bayan gida.

"Tashi ka tahi gida, Bube. Ubanka shi ɗai na."

Na yi mata dariya. Na ce ni da ƙafata na baro ruwan nan a Yawuri, na san inda yake, ta dubi kudu ta gani ko akwai gajimare ko ɗaya. Har na fara yi mata bayanin teku. Ta ce ita ba ta san teku ba, ta san gishirinta. Gaskiya ita ke da ita, kuma abin haushin shi ne wannan iskar da take faɗi ita ce wadda aka nuna mini a Ikko, ta riga ta iso ta cika gari ina zaune ina ba da labarinta. Ni ina jiran in ga ruwa ya biyo ni ta hanyar da na biyo, da ƙafa, zango zango. Na manta abin da kowane yaro a ƙasarmu ya sani. Da la'asar ina tsakiyar magana, fuskata na kudu, sai na ga masu saurarona suna duban bayana suna tashi ɗaya ɗaya. Na waiwaya. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama. Aka yi ruwa har bayan magariba, ruwan shuka sosai, wanda ya jiƙa ƙasa fiye da kamu.

Ana kiran asuba na fita, jakar ma a ɗakin Gwaggo na bar ta. Da gari ya waye duk gonar da na wuce cike take da mutane biyu biyu, ɗaya na sara da sungumi, ɗaya na bi yana zuba iri yana rufewa da diddige. Ana yi mini barka da ruwa ban amsa wa kowa ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na iya magana. Na yi gudu, na yi tafiya, na sake gudu, ina duban inuwata tana ƙanƙancewa a ƙarƙashina. Ciwon kurkunun bara ya motsa a ƙafata. Da na hango tudun Lahodu inuwar ta kusa shigewa ƙarƙashin sawuna, na san na makara.

A bakin gonarmu na tarar da mutum biyu tsaye, manzon mai gari da wani baƙo riƙe da sungumi da ƙwaryar iri. Ba su shiga ba, ba su kuma dube ni ba, wani abu suke kallo. Can tsakiyar gonar mahaifina ne, shi kaɗai. Ya ɗaure rigarsa a gindi, ya rataya 'yar ƙwarya a wuya, yana sara, ya lalubo ramin da yatsan ƙafa, ya zuba gero, ya rufe. Layukansa sun karkace, wani ya hau kan wani, wani ramin ya sare shi sau biyu. Gwiwoyinsa duk taɓo, alamar ya sha faɗuwa. Daga baya Hajo ta gaya mini tun asuba ya sa ta sussuke damin iri, ya hana ta kiran kowa, ya fita yana bin gambar kan iyaka da hannu har ciyawar ta yayyanke masa tafi.

Baƙon ya sauke sunguminsa daga kafaɗa, ya ce wa manzon, "Mu tahi. Gonag ga da mai ita." Suka juya.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba na fatan in sake ji. Na shiga gonar ina taka tsakanin ramukansa, bakin nan nawa da ya cika Rabah kwana biyu ya kasa ko sallama. Shi ne ya ji tafiyata ya tsaya, ya karkato kunne.

"Bube na?"

"Ni na, Baba."

Ya miƙo sungumin wajen da ya ji muryata.

"To karɓa, na gaji. Kuma ka diba mani, halan cikin gonarmu nike har yanzu?"